Zanen da Baba Yari Ya Ƙi Tsomawa

Duk wanda ya saba bi ta bayan masallacin unguwar marina a sabuwar Maradun da hantsi ya san abin da zai tarar. Warin baba, ganyen da ake rinin shuɗi da shi, ne zai fara tarbarsa tun bai ga kowa ba. Sa'an nan ya hango wani siririn dattijo tsugune a bakin rijiyar rini, ya naɗe hannun riga har kafaɗa. Wannan shi ne Baba Yari Gwadabe. In ya dawo daga sallar asuba ba ya komawa shimfiɗa. Yakan sha kununsa, ya jira gari ya waye tangaran, ya saɓi muciyarsa wadda ta fi shi tsawo, ya nufi karofi, wato filin da rijiyoyin rini suke. Uku ya haƙa a wurin shekara ashirin da suka wuce. Biyu sun daɗe da mutuwa, ɗaya ce ya yi ta riritawa.

Da isarsa zai ɗaga murfin ciyawa, ya sunkuya ya shaƙa. Ya tsoma yatsa ya ɗora a harshe, ya ɗan karkata kai. In rijiyar ta kwana lafiya sai ka ji ya ce, "Madalla, ta tashi." In kuwa ya ji ta yi lami, sai ya ƙara mata toka, ya dama, yana yi mata faɗa ƙasa-ƙasa kamar akuyar da ta ƙi cin dusa. Hannuwansa shuɗi ne tun daga farce har gwiwar hannu, babu irin sabulun da ba a gwada ba. Matan unguwa sukan ce ko ranar tashin ƙiyama ba za a sha wahalar neman Baba Yari cikin taro ba.

Can sai ga Shehu mai bugu, abokin aikinsa tun suna samari. Shi ne yake buga tufa a kan gungume bayan an rina ta, har ta kwanta ta yi ƙyalli. Gaisuwarsu kaɗai ta isa mutum ya dama fura ya shanye. An tashi lahiya, ina gajiya, ina gida, ina iyali, ina ƙahwa, ina baya. Sai sun gama duk wannan Shehu zai ce:

"Har yau kana nan kana lasar ruwan toka, Yari?"

"Ina nan. Kai ma har yau kana dukan abin da bai yi maka laihi ba?"

Sai su yi dariya kamar yau suka fara jin maganar. Haka aka saba gani har ranar Asabar ɗin da ta wuce, ranar da Baba Yari ya rufe rijiyarsa ta ƙarshe saboda ido ya ƙi. Babu takardar yabo, babu mai jawabi, babu wanda ya zo daga sakatariya. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wanda bai san tsohon gari ba, ba zai gane abin da mutumin nan ya rasa ba. Karofin can rijiyoyi ne birjik, wasu tun na kakanni, kuma a bakin ta mahaifinsa Yari ya koyi tsugunno. Da aka datse gulbi a Bakolori ruwa ya fara hawowa, aka ce kowa ya tashi. Magidanta suka ciri ƙyamare da azara, mata suka ɗauki tukwane da duwatsun niƙa. To marini fa, me zai ɗauka? Wa ya taɓa ɗora rijiya a kan jaki? Abin da ya iya yi shi ne ya shiga rijiyar mahaifinsa ya kankaro katsi, wato lakar nan da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, ya cika mangala biyu. Da ita ya haɗa abin da ya shafe bangon sababbin rijiyoyinsa. Mutane suka ce Yari ya zauce, kowa na kwashe hatsi shi yana kwasar laka. Shi dai ya kora jakinsa ya wuce.

Sauran marina ɗaya bayan ɗaya suka ajiye muciya suka kama noman rani, kuma ba mai ganin laifinsu, shinkafa da albasa sun fi saurin cika ciki. 'Ya'yansa ma can suka nufa. Gonakin da ake shuka baba suka koma na alkama, har ta kai sai ya hau mota ya tafi Bakura wurin wasu tsofaffi da ke barin 'yan kunyoyin baba a gefen gona kafin ya sami na haɗi. A kasuwar Talata Mafara kuwa masu galura suka kafa durom-durom a kan wuta. Su zuba gari, su zuba soda, su tsoma, kafin ka gama cinikin gishiri an miƙo maka kayanka. Shi kuwa rijiya ɗaya sai ta kwana bakwai kafin ta nuna. Aka ce masa ya sayi durom ya huta. Ya ce shi bai iya dafa tufa ba, ba miya ba ce.

Amma ba don rini kaɗai nake jinjina masa ba. Akwai wata kalma da ta yi shekara da shekaru tana zaune a karofin nan, wadda in ka bar wurin ba kasafai za ka ji ta a bakin mutane ba, sai dai a tsofaffin waƙoƙi. Kalmar ita ce dusashewa.

Yawancin aikin da ake kawo wa Baba Yari tun bayan tashin gari tsofaffin kaya ne da ake so a mayar musu da launi. Kowa in ya zo magana ɗaya ce a bakinsa: "Baba, ya koɗe." Shi kuwa ba ya karɓar abu ya jefa a rijiya haka nan. Sai ya shimfiɗa shi a cinya, ya shafa, ya juya, ya ɗaga shi sama ya duba. Sa'an nan ya yanke hukunci, ko ya ce, "Wanga ya koɗe," ko ya ce, "A'a, wanga dusashewa ya yi."

Ni da nake wannan rubutu na yi shekara talatin ina koyar da Hausa a firamare tsakanin Bakura da Mafara. Sau nawa na rubuta wa yara a allo cewa kalmomin nan biyu abu ɗaya ne, sai dai ɗaya ta mawaƙa ce, ɗaya ta 'yan kasuwa! Ranar da na kuskura na faɗi haka a karofi, Baba Yari ya dube ni kamar na taka masa shanya.

"Malam, alli ya cuce ka," in ji shi. "Koɗewa cuta ce. Ko dai marini ya yi gaggawa ya tsoma tuhwa rijiya ba ta nuna ba, ko mai ita ta bar ta bisa danga kwana ukku rana na ci. Dabbare-dabbare takan yi, kuma kana iya nuna ranar da abin ya hwaru, kana iya nuna mai laihi. Dusashewa kuwa ba ta da rana. Ba ka iya cewa jiya ne, ba ka iya cewa bara ne. Jiki shi sha kaɗan, ruwa shi sha kaɗan, shekaru su sha kaɗan. Kuma ba ta kai abu ga babu. Kullum akwai saura."

Na tambaye shi inda ya samo wannan. Ya ce a bakin mahaifiyarsa, Inna Maimunatu. In tana niƙa da la'asar takan rera cewa rana ta yi yamma amma ba ta faɗi ba, tana dai dusashewa bisa gulbi. Takan faɗi kalmar ga garwashin da aka rufe da toka, da muryar makiyayi in ya bi burtali yana waƙa yana nisa. Bai taɓa jin ta faɗe ta ga abin da aka wulaƙanta ko aka manta da shi ba. Sai ga abin da aka mora, ana so, har ya tsufa a hannu. Na koma gida ranar nan ina jin kunyar allunan da na cika.

Kada wani ya zaci bambancin nan hanyar kare kai ce ta marini. Isa mahauci na Bakura yana da rai, a tambaye shi. Ya taɓa dawo da wata riga da Baba Yari ya rina masa da hannunsa, wata biyu kacal ta yi fari a kafaɗa da gaba. Isa ya zo da nauyin baki, yana ta kewaye-kewaye, wai ko wanki ne ya yi yawa. Baba Yari ya karɓa ya duba, ya ɗaga murya yadda duk wanda ke karofin zai ji. "Kada ka ɗora ma matarka. Wagga koɗewa ce, kuma ni na yi ta. Salla ta matso, na tsoma rijiya ba ta kai ba." Ya sake rina ta daga farko. Isa ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin mai sana'a ya kira shaidu a kan laifin kansa ba.

Babban abin da ya sa na ce sai na rubuta shi ne maganar Taibatu.

Shekara biyu ke nan, bayan an gama yankan shinkafa, wata mata ta sauka daga babur a bakin karofi da ƙunshi a ƙarƙashin mayafi. Sunanta Taibatu, daga wajen Faru take. Ta durƙusa ta gaishe da dattijan biyu yadda ya kamata, sa'an nan ta kwance ƙunshin. Zane ne na saƙar hannu, mai kauri, ya yi laushi don tsufa. Shuɗinsa ya koma kamar sararin sama da sanyin safiya.

Ta ce na mahaifiyarta ne, Nagode, wadda ta kaɗa zarensa da hannunta. Ƙauyensu yana cikin waɗanda ruwa ya cinye, har da maƙabarta. "Baba, ba ni da inda za ni tahi in tsaya in ce ga Inna nan. Wanga zane shi kaɗai ya rage mini." Saura kwana goma sha biyu bikin 'yarta Lantana, za a kai ta Talata Mafara, gidan masu fataucin shanu, gidan da matansa ba sa barin ko allura ta wuce ba su juya ta ba. Tana so zanen kakar ya bi amarya, ya zama shi ne a sama ranar jere. "Amma dubi yadda ya koɗe. In dangin miji sunka gan shi haka, cewa za su yi mun kawo musu tsumman goge tukunya. A mayar mini da shi baƙi wuluk, don Allah."

A lokacin idon Baba Yari ya riga ya fara gani dishi-dishi. Ya shimfiɗa zanen a cinya, ya bi shi da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan. Da ya kai kusurwa sai yatsunsa suka tsaya. Akwai ƙulli uku na zare a jere, alamar da gidansu ke yi wa kayan da suka rina don kada su cuɗe da na wasu. Rinin tsohon karofi ne, rinin rijiyar mahaifinsa wadda yanzu kifaye ke kwana a ciki. Ya ɗaga zanen dab da hancinsa, ya daɗe yana duban tsakiyarsa.

"Ɗiyata, wanga zane bai koɗe ba. Dusashewa ya yi."

"Ni ban san bambanci ba, Baba. Hwari-hwari dai ya yi."

"Ba ni tsoma shi."

Taibatu ta ɗauka wasa ne, ta yi murmushi. Da ta ga fuskarsa sai murmushin ya ɗauke. "Haba Baba! Tun daga Faru na taho, na ƙetare marina nawa don an ce kai ne mai rinin da. Rini na zo, ba wa'azi ba. In ba ka yi, ba ni abina. Ranar Talata in kai ma masu durom, su ba su tambayar tarihi."

Ta miƙa hannu. Baba Yari ya san abin da zai faru in zanen ya shiga durom. Zaren da ya haura shekara arba'in ba ya jure ruwan zafi da soda, gutsi-gutsi za a tsamo shi da sanda. In kuma shi ya tsoma, zanen zai fito lafiya, amma ya san abin da zai tafi. Ya ji haushin kansa da bai iya lallashi ba, shi da ya saba magana da rijiya, wadda ba ta mayar da amsa.

"Kaya naki ne," ya ce. "In kin ce a tsoma, ni za ni tsoma, kada ki kai shi ga wuta. Amma bari in nuna miki abu guda tukun. Shehu, kama mini."

Suka shimfiɗa zanen a kan gungumen bugu. Baba Yari ya tsinko tsinke daga murfin rijiya, ya fara zagaya wani wuri a tsakiyar zanen. Sai a lokacin Taibatu ta lura hasken ba ɗaya ba ne ko'ina. Akwai wani fili kamar girman faifai da ya fi sauran haske. Daga gefensa biyu wasu siraran layuka sun gangara. A ƙasansa kuma wani dogon layi ya ratsa zanen.

"Nan majanyi ka bi," ya ce, yana nuna dogon layin. "Nan ƙahwahu. Nan kuwa mazauni. Ku nawa Nagode ta goya?"

Taibatu ta ƙura wa wurin ido. Can ta ce, "Mu bakwai. Huɗu munka rayu."

"To ga ku nan ku bakwai. Da waɗanda sunka rayu da waɗanda ba su rayu ba, dut wuri guda kunka zauna. Zuhwarta da ɗumin jikinku sunka sha shuɗin nan kaɗan-kaɗan. In na tsoma shi, sau ɗaya ya isa, ba ki sake ganin ko ɗaya."

Matar nan ta zauna daɓas a ƙasa. Ta yi shekara ashirin tana ninke zanen nan tana warwarewa, ba ta taɓa ganin abin da ke jikinsa ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan filin nan mai haske, ta kira sunayen 'yan uwanta uku da suka rasu suna goye, waɗanda kaburburansu ke ƙarƙashin ruwa tare da na uwarsu. Sa'an nan ta ja mayafi ta rufe fuska.

Baba Yari bai ce ta yi haƙuri ba. Ya bari ta yi kukanta. Da ta ɗan lafa sai ya ce, "Kada ki ga awa wayo ne gare ni. Ɓarna ta koya mini. Shekarar da munka taso, zanen Inna Maimunatu kaɗai na ɗauko daga ɗakinta. Da wagga rijiya ta hwara nuna, na ce babu tuhwar da za ta riga na Inna shiga. Nuhina in girmama ta. Na tsoma shi sau tara."

"Ni na buga shi," in ji Shehu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ban taɓa buga abu mai kyau kamar shi ba. Yari ya karɓa ya zamna nan har la'asar shina jujjuya shi."

"Nema nike," Baba Yari ya ce. "Inda take ɗaura shi, inda gwiwarta ka gogawa in tana niƙa, inda na zamna ni da ƙannena. Babu ko ɗaya. Ruwa ya ci kabarinta, wannan ba ni na yi ba. Amma wanga da hannuna na yi shi. Zanen shina nan cikin akwati, sabo fil. Ko na wa ne, oho. Ba na Inna ba ne."

Taibatu ta share ido. Mace ce mai tunanin gobe, kuka bai hana ta tuna abin da ya kawo ta ba. "To dangin miji fa, Baba? Su ba su san Nagode ba."

"Kawo sabon hwari in rina ma amarya, irin wanda in sun gani bakinsu zai mutu. Wanga kuwa wanki kaɗai shika so, da ruwan sanyi, a shanya shi inuwa. Shehu shi lallaɓa shi, in ya iya lallaɓa abu sau ɗaya a rayuwa tai."

"Ji mini mutum," in ji Shehu.

Haka aka yi. Kwana shida Baba Yari yana tsoma sabon zanen yana shanyawa, har ya yi baƙi mai sheƙi. Da Taibatu ta zo ɗauka, ya ba ta shawarar ta sa sabon a sama, ta ɓoye na Nagode a gindin akwati, Lantana ta san da shi ya isa. Yana tsoron kada a ci mata fuska a gidan surukai ta dalilinsa. Ta ce to. Ashe to ɗin na baki ne.

Matan da suka je jere a Mafara su suka kawo labarin, har da matar Shehu. Taibatu ta ɗora tsohon zanen a kan komai. Gwaggon ango, wata Hajiya Baturiya wadda duk unguwa ke shakkar bakinta, ta shigo da tawagarta tana duba kaya. Ta yaba sabon rinin. Sai idonta ya faɗa kan na sama. Ta ɗaga shi da yatsu biyu.

"Wanga koɗaɗɗen fa? Mantuwa anka yi da shi?"

Lantana ta sunkuyar da kai cikin lulluɓi. Taibatu ta tashi, ta karɓi zanen ta warware shi a kan gado.

"Bai koɗe ba, Hajiya. Dusashewa ya yi. Ga inda majanyi ka bi. Ga ƙahwahu. Nan uwata ta goya mu, mu bakwai."

Hajiya Baturiya ta sunkuya ta duba. Ta daɗe. Waɗanda suka san ta suna ta jiran abin da zai fito. Sai ta ɗauki zanen da hannu biyu, ta ninke shi da kanta, ta mayar da shi inda ta same shi.

"A bar shi sama," ta ce. "Ni tawa uwar ko tsinke ban riƙe ba."

Da labarin ya iso karofi, Baba Yari ya ɗauki muciyarsa. Ya dai dama rijiya ranar nan fiye da yadda take buƙata.

To, ranar Asabar da ta wuce mu kaɗan ne a wurin. Baba Yari ya zo riƙe da kafaɗar Shehu, don yanzu inuwa-inuwa kawai yake gani. Ya ɗaga murfi, ya shaƙa, ya ɗanɗana kamar kullum. Ya ce, "Ta gaji, ni ma na gaji." Ya mayar da murfin, ya jingina muciya da bango. Shehu ya ga wurin ya yi nauyi, sai ya nemi tsokana.

"To malamin kalmomi, idon naka koɗewa ya yi ko dusashewa?"

"Dusashewa, mugu. Na more shi shekara saba'in da biyar. Kuma akwai saura, tunda ina ganin duhunka."

Muna cikin dariya sai ga sallamar mata. Taibatu ce, da wata matashiya a bayanta. Sun ji labarin rufe rijiya, sun taso tun da safe. Matashiyar ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ita ce Lantana. Sa'an nan ta juya masa baya tana durƙushe. Akwai jaririya goye a bayanta, tana barci, an ɗaure ta da wani tsohon zane mai launin sararin sama.

Baba Yari ya miƙa shuɗin hannunsa, ya laluba. Ya taɓa bayan jaririyar, ya bi zanen da yatsu har gefe, ya sami ƙulli uku. Muka ga leɓensa na motsi.

"Mi sunanta?"

"Sunan Inna Nagode anka mayar mata, Baba."

"Ta nawa ke nan?"

Taibatu ce ta amsa. "Ta takwas."

Dattijon nan da ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da muka juya muka ga ruwa ya kai bakin tsohon karofi, ya bar su suna gangarowa cikin gemu bai share ba. "To a bar shi shi ci gaba da aikinai," ya ce. "Kada kowa shi tsoma shi."

Baba Yari na Maimunatu, mai hannun shuɗi, kai ne ka ɗauko laka lokacin da kowa ke ɗaukar hatsi, muka yi maka dariya, ka ƙyale mu. Kai ne ka kira shaidu a kan kuskurenka. Kai ne aka kawo wa aiki har gida ka ce ba ka yi, ka yarda a yi fushi da kai, don kada wata baiwar Allah ta shafe uwarta da hannunta kamar yadda ka shafe taka. Kai ne ka riƙe mana kalma ɗaya a bakin rijiya, ka nuna mana inda ake sa ta da inda ba a sa ta, alhali mu masu alli mun yi mata kuɗin goro da wata kalmar. Ina son ka, Baba, kuma ba na jin kunyar faɗa a gaban jama'a.

Ku masu sana'a, tela ne ko magini ko makanike ko malamin makaranta irina, ku duba abin da aka miƙo muku kafin ku sa hannu. Wani abin gyara yake so, wani kuwa a bar shi ne gyaransa, kuma mai shi ba lallai ya sani ba sai kun nuna masa. Ku kuma da ke da tsohon zane ko rawani a gindin akwati, ku fito da shi yau ku shimfiɗa shi a haske, ku duba wa ke jikinsa. In kun bi ta Maradun ku tsaya ku gaishe da dattijon nan tun yana jin sallama, ku faɗi sunanku da ƙarfi don ya gane ku.

Mun gode, Baba Yari. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Inna Maimunatu da Inna Nagode da duk namu da ke ƙarƙashin ruwan nan. Rijiyarka ta rufe, amma zanen da ka ƙi tsomawa yana can Mafara a bakin aiki, ta takwas tana barci a cikinsa.